Neutralité da Hausa: a agaza mini kafin ƙarfe 8

Mai Shiri, Yamai: Salamu alaikum. Ƙarfe 8 na dare ina da shiri a rediyo kan dokokin yaƙi, ga kalmar Faransanci neutralité, wato matsayin ƙasar da ba ta mara wa kowa baya a yaƙi, ta maƙale mini. Na rubuta "ƴan ba-ruwanmu". Ya yi?

Tsohon Mushe, Tawa: Bai yi ba, ɗiyata. Sunan nan yana da masu shi: ƙasashen da suka taru a Belgrade a 1961, suka ƙi bin Amurka, suka ƙi bin Tarayyar Sobiyat. Waccan siyasa ce, taki kuwa doka ce, tana cikin yarjejeniyoyin Hague na 1907. Ƙasar da ta shelanta wannan matsayi ai da ruwanta ƙwarai. Ba ta barin rundunar kowa ta ratsa ta, sojan da ya gudo cikinta kuma sai ta tsare shi. Tun kafin a rubuta dokar, a 1871, Suwizalan ta karɓe makaman sojojin Faransa wajen 87,000 da suka tsallako mata iyaka, ta ajiye su, ta ciyar da su. Wannan ne ba-ruwana?

Ɗan Jami'a: Tsakatsakanci. Ni na ƙirƙire ta, tana cikin kundina.

Ƴar Adar: In kakata ta ji wannan, cewa za ta yi wani yare ne tsakanin Zabarmanci da Buzanci.

Ɗan Jami'a: To zumunci ma yare ne, Yaya? Da baƙo ne ya ƙirƙira da tuni kun haddace.

Ƴar Adar: Tsaka-tsaki shayi ne da bai yi zafi ba bai huce ba. A ce "rashin ɗaukar ɓangare" a huta.

Tsohon Mushe: Subhanallahi! Nasaranci ne wannan aka sa wa hula. Ɓangare goro ne da za a ɗauka? Kullum sai mun jira gidajen rediyon waje sun tauna mana Hausa.

Ƴar Adar: Baba, amma har ƙauye an san ta.

Mai Shiri: Jama'a, bakwai da kwata.

Tsohon Mushe: Ki ce "kame kai daga yaƙi". Mai kame kai yana da nauyi a wuyansa.

Ɗan Jami'a: Kamar wa'azin azumi. Amma ba laifi, na yau kawai.

Mai Shiri: Na ɗauka, Baba, na gode. Saura puissance protectrice, irin yadda Suwizalan ke riƙe wa Amurka al'amuranta a Iran tun 1980.

Ɗan Jami'a: Ina da kalma.

Ƴar Adar: Ki kashe wayar ki tafi.