Ina Neman Shawara Kan Ajiye Aiki Kafin Lokacin Ritaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekaruna 38, kuma shekara 13 ke nan ina aikin gwamnati a Abuja. Kullum bayan sallar asuba nake barin Kubwa saboda cunkoson motoci, ba na dawowa sai magariba ta wuce, lokacin da autata ta riga ta yi barci a bayan mai reno da guntun biredi a hannunta. Wannan ne ya sa ni da maigida muka amince in ajiye aiki in rungumi tarbiyyar 'ya'yanmu uku.

Inda lissafin ya cije mini shi ne kuɗin fansho, domin dokar fansho ta 2014 ba ta ba ni damar taɓa asusuna kafin in cika shekara 50, sai dai kashi 25 cikin ɗari bayan wata huɗu ba tare da aiki ba. Abin da nake da shi bai wuce hayar shaguna biyu a Dutse Alhaji da ɗan abin da na zuba a Sukuk na gwamnatin tarayya (takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci) ba, wanda ribarsa ke zuwa duk wata shida, ga kuma tsadar kayan masarufi tana cinye darajar naira.

Don Allah, waɗanda suka bi wannan hanya, kuɗin cefanen wata nawa ya kamata in tanada kafin in miƙa takarda, kuma yaya kuka yi da inshorar lafiyar yara bayan albashi ya tsaya?