Idan kotu ta sallami wanda ake zargi da fyaɗe, ke nan ƙage aka yi masa?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum. Masana shari'a da ke cikin wannan zaure, don Allah ku warware min wani abu. Ana cewa doka tana ɗaukar kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta same shi da laifi. A ɗaya ɓangaren kuma ana cewa a gaskata macen da ta ce an yi mata fyaɗe. Ta yaya waɗannan biyun za su zauna inuwa ɗaya? Sannan alƙaluman da ake yawo da su sun sha bamban, wani ya ce ƙorafin ƙarya bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, wani ya ce ya haura kashi 40. Wanne za a kama? Kuma idan aka sallami mutum, ana iya juyowa a hukunta wadda ta kai shi ƙara?

Barista_AU:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙa'idar da kika ambata umarni ce ga kotu da hukuma. Tana cikin sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, da sashe na 14(2) na yarjejeniyar haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966, da sashe na 7 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan adam ta 1981. Aikinta shi ne ta ɗora nauyin kawo hujja a wuyan mai gabatar da ƙara, ta kuma sa ma'aunin ya yi tsauri: dole hujjar ta kai matsayin da mai hankali ba zai rage da wani kokwanto mai tushe ba. Wanda ake tuhuma ba a neman ya wanke kansa. Zai iya yin shiru daga farkon shari'a har ƙarshenta, kuma idan hujjar gwamnati ba ta cika ba, a sallame shi. Kotun ƙoli ta Ingila ta jaddada wannan a shari'ar Woolmington ta 1935, wadda ma shari'ar kisan kai ce, kuma ƙasashen da suka gaji dokar Ingila a kanta suke tafiya.

Saboda haka sallama tana nufin abu ɗaya tak: ba a tabbatar ba. Alƙali zai iya jin a ransa cewa mai yiwuwa ne mutumin ya aikata, amma "mai yiwuwa" ba ya kai mutum kurkuku. A laifin fyaɗe wannan yana yawan faruwa, domin galibi ba shaida na uku, su biyun sun san juna, kuma ba a musun cewa an sadu. Abin da ake jayayya a kai shi ne amincewa. Mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar an sadu, ya tabbatar ba da yardarta ba, a dokokin ƙasashe da dama kuma ya tabbatar mutumin ba shi da dalilin hankali na zaton ta yarda. Ɗaya ya faɗi, ƙarar ta faɗi.

Hukunta mai ƙorafi kuwa shari'a ce sabuwa fil. A nan ita ce wadda ake tuhuma, ita ma ƙa'idar ta rufe ta, sai an tabbatar ta san ƙarya take yi lokacin da ta faɗa. Sallamar da aka yi wa namijin ba ta isa hujja a kanta ba. Shi kuma "a gaskata ta", ma'anarsa mai amfani tana teburin ɗan sanda da asibiti: a karɓi ƙorafin, a rubuta, a bincika da gaske. Ba a nufin alƙali ya yanke hukunci kafin ya saurari shaida.

Malama_Kididdiga:

Barista ya share min hanya. Rigimar alƙaluma duk daga ma'anar "ƙarya" ta taso. Ƙorafe-ƙorafen fyaɗe kashi uku suke: wanda aka tabbatar ya faru, wanda bincike ya tabbatar bai faru ba, sai wanda aka kasa tabbatar da ko ɗaya. Na ukun nan ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma kowane ɓangare yana jan sa zuwa nasa lissafin.

Wanda aka ce ya haura kashi 40 ɗin, wato kashi 41, ya fito ne daga binciken Eugene Kanin na 1994. Ƙorafi 109 ya duba a wani ƙaramin gari na Amurka, 'yan sanda suka ce 45 ƙarya ne. Matsalar ita ce hukuncin 'yan sandan ya ɗauka yadda yake, kuma ofishin yana gabatar wa masu ƙorafi na'urar gano ƙarya. Macen da aka nuna mata ba a yarda da ita ba tana iya janye maganarta don ta huta, sai a rubuta ta amsa ƙarya.

Binciken da ya fi tsauri ya ba da adadi ƙasa da haka sosai. A 2005 wani nazari na ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ya bi ƙorafi 2,643. 'Yan sanda sun sa wa kashi 8 alamar ƙarya, da masu binciken suka auna da ƙa'idojin 'yan sandan kansu sai ya sauko kusan kashi 3. David Lisak da abokan aikinsa a 2010 sun duba ƙorafi 136 na shekara goma a wata jami'ar Amurka, suka sami 8 na ƙarya, wajen kashi 6, suka ce idan an haɗa da sauran bincike adadin yana tsakanin kashi 2 zuwa 10. Ofishin gabatar da ƙara na Ingila da Wales ya ƙirga watanni 17 daga farkon 2011: shari'ar fyaɗe 5,651, shari'ar ƙagen fyaɗe 35.

Sai dai a yi adalci. Kashi 2 zuwa 10 adadin waɗanda aka gano ne. Ba ya nufin sauran kashi 90 an tabbatar da su, domin a binciken Lisak ɗin kansa kusan kashi 45 ba su kai ko'ina ba. Haka 35 ɗin can waɗanda aka gurfanar ne kawai. Wanda ya ce "duk abin da bai kai ga ɗauri ba ƙage ne" da wanda ya ce "duk abin da ba a kama ƙaryarsa ba gaskiya ne" kuskure iri ɗaya suke yi. Kuma ko da adadin ya tabbata, ba ya gaya wa alƙali komai game da mutumin da ke tsaye gabansa yau.

Tsohon_Mai_Bincike:

Ni a ganina an cika kallon mai ƙorafi, an bar inda ɓarnar ta fi yawa. Da yawan waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, fyaɗen ya faru da gaske, matar ba ta yi ƙarya ba, mutumin da aka kama ne ba shi ba. Ƙungiyar Innocence Project, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ta lissafa mutum 375 da gwajin DNA ya wanke a Amurka, kuma a kusan kashi 69 akwai kuskuren shaidar gani da ido.

Ronald Cotton misali ne. A 1984 a North Carolina matar da aka yi wa fyaɗe ta zaɓe shi cikin hotuna, sannan aka jera mutane ta sake nuna shi. Shi kaɗai ne ya fito a duka biyun, don haka a karo na biyu fuskar hoton take tunawa. Ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku kafin DNA ta nuna wani ne daban a 1995. Andrew Malkinson a Ingila an ɗaure shi a 2004 ba tare da DNA ɗinsa a jikin komai ba. Ya yi shekara 17, wani ɓangare saboda ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, sai a 2023 aka soke hukuncin, alhali tun 2007 an ga DNA ɗin wani namiji a tufafin matar.

Yadda ake rage wannan sananne ne. Jami'in da zai nuna hotunan kada ya san wane ne ake zargi, don ko kallonsa yana iya ba da amsa. A haɗa da aƙalla mutum biyar da suka dace da kwatancen da ta bayar tun farko. A gaya mata mai laifin yana iya kasancewa ba ya ciki. A rubuta iya tabbacinta da kalmominta a wannan lokacin, saboda "ina jin shi ne" na ranar farko yakan koma "wallahi shi ne" bayan wata shida. Kuma kada a sake nuna mata mutum ɗaya sau biyu.

Na biyu shi ne ɓoye hujja ko sakaci da ita. A ƙarshen 2017 shari'ar wani ɗalibi ta rushe a Landan ana cikin sauraro, bayan an miƙa wa lauyarsa saƙonnin wayar mai ƙorafi kusan 40,000 da ke hannun 'yan sanda tun farko, waɗanda suka ci karo da abin da ta faɗa. Mai bincike idan ya riga ya yanke hukunci a ransa, abin da ya dace da zatonsa kawai yake gani. Wannan cutar tana cin kowane ɓangare. A 2008 a garin Lynnwood na jihar Washington, 'yan sanda sun matsa wa wata 'yar shekara 18 har ta janye ƙorafinta, suka gurfanar da ita kan rahoton ƙarya. A 2011 aka kama wani mai suna Marc O'Leary a Colorado, aka sami hotunanta a kyamararsa. A tsakanin nan ya yi wa wasu matan fyaɗe.

Wanda aka zarga kuma ya san bai yi ba: kada ya ba da bayani sai da lauya. Kada ya kira ta, ko ya tura 'yan'uwa su ba da haƙuri ko su nemi sulhu, don ana iya fassara shi da amsa laifi ko razana shaida. Kada ya goge saƙo ko ɗaya, har wanda zai ba shi kunya, domin gogewa tana bayyana a binciken waya. Ya rubuta wa lauyansa inda yake sa'a bayan sa'a, kuma lauyan ya nemi faifan kyamarorin tsaro da wuri, yawancinsu suna share kansu cikin 'yan makonni.

Likita_Hauwa:

In ƙara ta fuskar asibiti, don hujja mai kyau tana kare mai gaskiya ko wane ne shi. Wadda abin ya faru da ita ta je asibiti kafin wanka idan da hali. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin sa'a 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har sa'a 120, amma gara da wuri. Samfurin DNA ya fi inganci cikin kwana uku na farko, wasu ƙasashen suna ɗauka har kwana bakwai. Tufafi a sa kowanne cikin jakar takarda daban, leda tana riƙe danshi ta ɓata samfurin. Idan ana zargin an sa mata wani abu a abin sha, fitsarin farko ake so, domin magungunan gusar da hankali irin su GHB suna ɓacewa cikin kimanin sa'a 12. Kowane hannu da samfurin ya bi sai an rubuta suna da lokaci, in ba haka ba lauya zai rushe shi a kotu, kuma da gaskiyarsa.

Amma a san iyakar rahoton likita. DNA tana nuna an taɓa juna, ba ta nuna yarda ko rashinta. Rashin rauni ba ya nufin ba a yi fyaɗe ba, mata da yawa ba a samun komai a jikinsu. Wani bincike a Suwidin a 2017 kan mata 298 ya sami kashi 70 sun sandare lokacin harin, sun kasa motsi ko ihu. Haka ɗan rauni shi kaɗai ba ya tabbatar da tilas. Gwajin budurci kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa ba shi da tushe a kimiyya. Likitan da ya rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi ba" ya shiga aikin alƙali. Abin da ya gani kawai zai rubuta.

Almajirin_Fiƙihu:

A shari'ar Musulunci ma asali shi ne kuɓuta, hujja tana kan mai da'awa, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Sai dai a kula, cakuɗa fyaɗe da zina ya taɓa jawo zalunci. Dokar Hudud ta Pakistan ta 1979 ta sa wasu matan da suka kasa tabbatar da fyaɗe sun koma waɗanda ake tuhuma, har aka gyara ta a 2006. Imamu Malik ya karɓi alamomi, kamar mace ta zo tana zubar da jini ko tana kururuwar neman agaji, a matsayin abin da ke nuna tilasta mata aka yi. Malamai da dama kuma sun ce ko haddi bai tabbata ba, alƙali yana iya yin ta'aziri bisa alamomi masu ƙarfi.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Barista, saura ɗaya: wanda aka watsa sunansa da hotonsa a Facebook ko X kafin a je kotu fa?

Barista_AU:

Nan ƙa'idar ba ta da haƙora sosai, 'yar'uwa, domin umarni ce ga hukuma, ba ga mai waya ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙarar ɓata suna, wadda ma'auninta ya fi sauƙi: wanda hujjarsa ta rinjaya shi ke nasara. A dokar da aka gada daga Ingila, wanda ya wallafa zargin shi zai tabbatar gaskiya ne, kuma wanda ya sake yaɗawa ana ɗaukarsa kamar shi ya wallafa. Ya adana hoton kowane rubutu da kwanan wata da adireshinsa kafin a goge. Amma kada ya shigar da ƙarar ana tsakiyar binciken 'yan sanda sai lauyansa ya auna, domin duk abin da ya rantse a kai a can ana iya ɗauko shi a shari'ar laifin. Ita ma mai ƙorafin wallafawa tana iya cutar da ƙararta: kowane bambanci tsakanin abin da ta rubuta a intanet da bayaninta na ofishin 'yan sanda zai zama tambaya a bakin lauyan wanda ake tuhuma, kuma idan aka yaɗa hoton mutumin kafin a jera mata mutane ta nuna, shaidar ganewar ta riga ta gurɓace.