Tirela ta buge ni a I-40, lauya sai maganar "baƙin akwati" yake yi

Baban Khalifa, Greensboro:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya ina dawowa daga aiki cunkoso ya tsayar da mu a babban titin I-40, sai tirela ta ɗirko mini ta baya. Kafaɗa ta karye, wuya har yanzu a ɗaure. Direban ya ce wa ɗan sanda wai ni na yanko gabansa na danna birki, alhali wallahi a tsaye nake. Lauyana bai ma tsaya jin labarina sosai ba, shi dai baƙin akwatin motar yake ta nanatawa. Na ɗauka jirgin sama kaɗai ke da shi. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Bakanike:
Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Ba akwati ba ne, kwamfutar injin ce, mu a gareji ECM muke ce mata. A injin kamfanin Detroit, idan aka taka birki da ƙarfi tana adana kusan minti 1 kafin nan da daƙiƙa 15 bayansa: gudun mota, totur, da lokacin da ƙafa ta hau birki. Tana kuma riƙe tsayawar ƙarshe da motar ta yi, amma wannan da zarar an sake tuƙa motar wata tsayawar ta hau kanta ta goge ta.

Ni da hannuna na taɓa goge irinsa ban sani ba. An kawo mana wata gabanta a lotse, muka gyara, na zaga da ita gwaji. Bayan mako 2 wani ya zo da laftof da takardar lauya, ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallon allo, ya naɗe wayarsa ya tafi ko sallama babu.

Ɗan Agadas, Columbus:
Sannu Yaya. Ni direban tirela ne, don haka a yi mana adalci, ba kullum mu ke ƙarya ba. Wata ta yanko gabana a I-70, daga baya ta ce gudu nake kuma ina gyangyaɗi. Na'ura ce ta wanke ni: mil 62 a awa nake tafiya, na taka birki kafin mu haɗu, ELD kuma, wato na'urar da ke ƙirga awannin tuƙin direba, ta nuna awa 4 kacal na yi a kan sitiyari. Tun Disamba 2017 aka wajabta mana ita. Doka awa 11 ce ta tuƙi cikin awa 14, sai hutun awa 10. Zamanin littafin takarda kuwa, kowa ya san yadda ake cika shi, ba sai na tona mana asiri ba.

Baban Khalifa, motarka ma akwai irin wannan na'urar a kwamfutar jakar iska, tana riƙe kamar daƙiƙa 5 kafin karo. In a tsaye kake, sifili za ta nuna.

Maman Ihsan, Bronx:
Mu jinkiri ne ya cuce mu. Maigida na kwance da ƙarfe a ƙafa, masu inshorar kamfanin suna kira da murya mai daɗi, a yi haƙuri ana dubawa. 'Yan'uwa kuma na cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Mun yarda ƙaddara ce, amma asibiti bai fasa turo takardar kuɗi ba. Sai a wata na 8 muka je wurin lauya. Ya ce doka wata 6 kawai ta tilasta wa kamfani ajiye bayanan awannin direba, motar kuma an daɗe da mayar da ita hanya. Da tun makon farko aka aika musu wasiƙar hana taɓa hujja, in suka goge alƙali zai iya ɗora musu laifin. Abin da suka ba mu muka karɓa, ban ma son faɗinsa.

Alhaji Mai Tasi:
Baban Khalifa, jiharku fa daban take. A North Carolina, in aka ce kana da ko ɗan ƙanƙanin laifi a haɗarin, kana iya tashi ba ko sisi. Shi ya sa direban ya ce ka yanko. Shekara 3 ne wa'adin shigar da ƙara, amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Ina motarka take yanzu? Tawa gwanjonta aka yi ina gadon asibiti.

Baban Khalifa, Greensboro:
Subhanallahi, Alhaji, tana wurin masu janwe, jiya ma inshorata ta turo takarda in sa hannu su ɗauke ta. Yanzu na kira lauya, ya ce kada in kuskura, wasiƙar kamfanin tirelar kuma tun Litinin ya aika. Bakanike, nasu injin Cummins ne a rahoton 'yan sanda, shi ma yana adanawa?

Bakanike:
Yana yi, in birkin ya kai ƙarfi. Ka tambayi lauyan ko janye ta aka yi daga wurin, ko direban ne ya tuƙa ta ya tafi.