Ina ciyar da ɗan gidan aikina, tawa 'yar tana ramewa, ku ba ni shawara

Maman Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Aikin reno nake yi a wani gida. Wata maƙwabciyarmu ce take aikin da can, da ta tashi aure sai ta kai ni. Matar gidan ta ce ba ta son mai ciki, ni kuma lokacin cikina ya fito, maƙwabciyar ta yi ta roƙonta har ta yarda in fara da shara da wanke-wanke, in na haihu a gani. Ashe ita ma juna biyu gare ta, tsakanin haihuwarmu bai kai wata ba. Ban cika wata biyu da haihuwa ba ta aiko cewa ko in dawo ko ta ɗauki wata. Na koma. Tun farko an gindaya mini sharaɗin ba a zuwa da goyo, don haka wurin ƙanwar mijina nake barin yarinyar daga safe sai bayan magariba.

Yanzu dukansu watansu takwas. Ni nake ba ɗan gidan abinci. Akwai takarda manne a jikin firji da aka rubuta abin da zai ci kullum: yau ƙwai, gobe hanta niƙaƙƙiya, jibi kifi da aka cire wa ƙaya, ga 'ya'yan itace, ga madarar gwangwani da cokalin awonta. In ya ci cokali uku ya kau da kai, uwarsa ta ce a zubar, ba a ajiye masa saura. Da hannuna nake kankare kwanon cikin shara. Tawa kuwa garin hatsi ake dama mata da ɗan sukari. Nonona ya ja baya tunda na koma aiki, sai dare take samu. Uwar ɗakina ta taɓa ba ni gwangwanin madara, yarinyar ta saba, yanzu in na saya cokali biyu muke sawa inda aka ce huɗu, don ya kai mu ƙarshen wata. Da na kai ta awo aka ce nauyinta bai motsa ba tun zuwan baya, aka yi mini faɗa a gaban mata. Yaron har ya fara rarrafe, tawa ko zama sai an tokare ta da filo. In roƙi matar ta bar ni in riƙa zuwa da ita ne, ko in ajiye aikin? Kuma in na ɗauki sauran abincin da ake zubarwa, sata ce?

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo miki mafita 'yar uwa. Amma ban ji kin ambaci mijinki ba, yana ina a cikin wannan maganar?

Anti Nas:
'Yata, ki saurare ni, aikin jinya na yi har na yi ritaya. Tun yau ki daina tsinka madarar nan. Ruwa kike cika mata ciki da shi, ga yunwa tana cinta, kuma ruwa in ya yi wa jariri yawa yana rage gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Ki ce wa ƙanwar mijinki ta bi awon da ke jikin gwangwanin, ko da zai ƙare a mako biyu.

Na biyu, damun hatsin nan. Daga wata shida sinadarin da ke ƙara jini wanda yaro ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa, dole abinci ya cike gurbin. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in kika cika shi da abu tsululu kin gama da shi. Ya yi kauri yadda in kika karkata cokali ba zai zube ba. A zuba garin gyada ko wake da aka dafa aka murje, ɗan mai, ƙwai dafaffe in an samu, ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 kuma sau uku zuwa huɗu, ban da nono. Rukunin abinci takwas ne, ana so yaro ya samu biyar a rana, nonon uwa ma ɗaya ne a ciki. Taki uku take samu in an yi ƙoƙari.

Na uku, ki koma asibiti su auna mata dantse. In ya gaza santimita 11.5, wato ma'aunin ya nuna ja, tamowa ce mai tsanani, magani take buƙata, shawarar zaure ba za ta wadatar ba.

Maman Hauwa:
Na gode Anti. Amma in gwangwanin ya ƙare a mako biyu, sauran mako biyun me za ta sha? Ba don ban san karatun jikin gwangwani ba nake ragewa, ni nake haɗa wa yaron gidan daidai kullum. Asibiti kuma ranar da ba na aiki ba sa awo. Maganar mijina ku bar ta kawai, yana iya ƙoƙarinsa.

Bintu:
Wallahi abin ya taɓa ni. Ni a shago nake aiki, da na haihu babu hutun ko kwana ɗaya da aka biya ni. A banɗaki nake tatsar nono in zubar saboda ciwo. Sannan ka je awo a ce maka nono zalla wata shida, kamar kowa ce take zaune a gida da mai yi mata hidima. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun shekarar 2000 ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14, har da lokacin shayarwa a wurin aiki. Wa yake samu? Masu ofis. Mu masu aikatau da shago ko takardar ɗaukar aiki ba mu da ita. Har yau in na kalli ɗana na fari a cikin sa'o'insa sai in ga ya fi su ƙanƙanta, raina ya ɓaci.

Abu Yusra:
Malama, ciyarwa nauyin uba ne. Aya ta 233 a suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu, ita ce ta ɗora wa uban yaro ci da tufafin mai shayarwa gwargwadon hali. Ki zaunar da shi ku yi magana. Sauran abinci kuwa ki nemi izini, in ta ba ki ya halatta, kin huta da waswasi.

Hajiya Maimuna:
A riƙa yi wa masu gida adalci. Na taɓa barin mai aikina ta zo da goyonta, wallahi nawa yaron ya koma kamar maraya, nata take lallashi, ga mura kullum suna shafa wa juna. Matar nan ta ɗauke ki da ciki, ta ba ki madara, ba muguwa ba ce. Kuma ba talaka kaɗai abin yake ci ba, na san gidajen masu hali da biskit da lemon kwalba kawai yaransu suke sha.

Anti Nas:
Hajiya, ƙarshen maganarki gaskiya ce. Rahoton UNICEF, asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 ya ce yara miliyan 181 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya cikin huɗu a duniya, rukuni biyu kacal ko ƙasa da haka suke ci a rana, kuma fiye da rabinsu ba a gidajen da suka fi talauci suke ba. Amma kyautar gwangwanin nan ita ce ba na yabawa. An ba mace abin da ba za ta iya ci gaba da saye ba, yarinya ta rage tsotso, nono ya ƙara ja baya. Irin wannan tarkon ne ya sa a 1981 aka kafa ƙa'idar duniya da ta hana kamfanoni raba wa iyaye mata samfurin madara kyauta. A ƙasashe masu arziki ma mata masu ilimi da hali su suka fi shayarwa, saboda su ke da hutu.

Maman Hauwa, nono yana dawowa. Yawan tsotso ke kawo shi. Ki ba ta da asuba kafin ki fita, da kin dawo, da cikin dare duk lokacin da ta motsa. A wurin aiki ki tatsa a kofi mai murfi, firji yana riƙe shi har kwana huɗu. Sauran da yaron ya sa wa yawu kuma kada ki kai mata, ya wuni a leda, gudawa za ki sayo. Ki roƙi a ɗibar miki tun daga tukunya.

Ɗalibar Jinya:
Anti, da girmamawa, akwai abin da zai rage mata kashe kuɗi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce ɗan wata 6 zuwa 11 da ake ba madara zai iya shan madarar dabba mai cikakken mai, in an tafasa ta ko an sarrafa ta yadda ƙwayoyin cuta suka mutu. Ba lallai sai ta gwangwanin jarirai ba.

Anti Nas:
Ni dai ban yarda ba. Abin da muka koya kuma muka koyar shi ne sai yaro ya shekara, likitocin yara a Amurka ma a kan haka suke har yanzu. Madarar shanu ba ta da sinadarin ƙara jini sosai, yarinyar nan kuwa tuni ta yi baya. Kuma ku yi hattara, kuna cewa madara wata za ta je ta sayo farin garin da ake zubawa a shayi, wanda rabinsa mai ne da sukari.

Ɗalibar Jinya:
Shi ya sa na ce mai cikakken mai, a haɗa da ƙwai da hanta. Ai ta fi wa yarinyar amfani a kan rabin awon da ake ba ta yanzu.

Maman Hauwa:
Yanzu wanne zan ɗauka? Anti ta ce a'a, ke kin ce e. Maganar tatsa kuma, firjin da ko ruwan shana ba na sawa ciki, ta yaya zan ajiye nonona kusa da abincin ɗanta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In na buɗe baki na roƙi a ɗibar mini daga tukunya, gobe duk abin da ya ragu a kicin ni za a kalla. Masu cewa ta hanyar saƙo in bar aikin, albashin nan shi ne kuɗin haya. Ban yi sakaci da 'yata ba, duk wanda yake matsayina abin da zai yi ke nan.

Bintu:
Kada ki roƙe ta komai sai kin karɓi kuɗin wata a hannu. Ni ranar da na nemi awa ɗaya ta shayarwa, a satin aka sallame ni.

Hajiya Maimuna:
Ki gaya mata gaskiya yau ɗin nan, uwa ce ita ma. Ɓoye-ɓoyen nan ne yake ɓata tsakaninmu da masu aiki.

Anti Nas:
Kun bar yarinya kuna ta maganar aiki. An auna dantsen ko ba a auna ba?

Maman Hauwa:
Ba a auna ba tukuna Anti, sai na samu wanda zai kai ta. Ƙanwar mijin nawa ma ta ce makarantarsu za ta koma wata mai zuwa, ban san wurin wa zan bar ta ba. Ƙwan da kika ce, duka ake ba 'yar wata takwas ko gwaiduwar kawai?