Bindigar da ke rataye: sau nawa za a goge ta?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bindigar tokar marigayi Baba tana hannuna yanzu, lasisinta ma na sabunta. Ba a harba ta sai a hawan Sallah da na Gani. Jiya wani maharbi a kasuwar Daura ya ce min bindigar da ba ta aiki, gogewa sau ɗaya a shekara ta ishe ta, wai yawan taɓawa ne ke kashe ta. Haka ne?

Kawu Lawal: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Tawa ta haura shekara 30 a hannuna. In an sauko daga hawa in shafe ta da mai, in naɗe da tsumma, in rataye. Ƙasarmu busasshiya ce, ba kurmi ba. Ku yaran yanzu ku kwance wannan ku ɗaura wancan, har kunamar ta saki.

Yaya Sani: Kawu, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Maharbin ya haɗa magana biyu ya mai da ita ɗaya. Wanki bayan harbi daban, dubawa lokacin da take ajiye daban.

Wanki ba ya jiran gobe. Tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana da gishiri, kuma tana jan laima daga iska. Mai ba ya narkar da ita, lulluɓe ta kawai yake yi, tsatsa na ci ta ƙarƙashi. Ruwan zafi ke fitar da ita. A ɗura, a cuɗa da tsumma a kan sanda, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito fes, a bari ta bushe sarai, sannan a bi da mai kaɗan. Ranar da aka harba, ko da harbi ɗaya ne.

Kawu Lawal: Ruwa a cikin bindiga? Sani, ruwan ai shi ne tsatsar.

Yaya Sani: Wanda aka bari ya kwana a ciki, Kawu. Ruwan zafi da kansa yake ƙafewa, don ƙarfen ya ɗauki zafi.

Batun bushewar ƙasa kuma, a duba lissafi. A 2025 an yi Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni, Gani ya zo a Satumba. Wata uku ke nan, kuma markar Agusta tana tsakiya. Ɗakin ƙasa a wannan lokaci ko takalmin fata fumfuna yake yi, balle ƙarfe a cikin tsumma. Tsumman da kansa yana riƙe danshi.

Goggo Hajara: Ni ban san harbi ba, amma ni ke share ɗakin da bindigar mahaifinku take. Da hunturu ƙura ke manne wa man nan har ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka. Wata shekara mahaifinku ya shafa mata man gyaɗa, man ya daskare ya yi danƙo, sai da aka kai wa maƙeri.

Kawu Lawal: Wannan gaskiya ne Hajara. Man gyaɗa ba na bindiga ba ne, baƙin man mota ma haka. Na keken ɗinki nake sa wa tawa a waje da wajen kunama. Amma har gobe ina kan bakana, kwance ta kowane wata ɓarna ce.

Yaya Sani: Ban ce a kwance ba, Kawu. A sauko da ita, a zura farin ƙyalle a bututu. In ya fito da ja, tsatsa ta fara. Da damina kowane wata, da rani duk wata biyu ko uku. Abin da ke tayar min da hankali shi ne tsatsar ciki ba a ganinta. Waje na ƙyalli, ciki ya rarake, ranar hawa a ɗura albarushi cikin taro bututu ya fashe a hannun mutum, ga dawakai ga yara.

Goggo Hajara: Nura, kafin komai, ka tabbata ba a ɗure take ba?

Nura: Wallahi Goggo ban duba ba. Tun rasuwar Baba ban taɓa ta ba.

Kawu Lawal: Innalillahi. To kada ka taɓa kunamar, kada ka leƙa bakinta. Albarushi ba ya mutuwa don ya tsufa, yana iya shekaru a ciki ya tashi. Ana zura sandar ɗuri a ciki, a sa alama, a fito da ita a gwada ta waje. In ba ta kai ƙarshen bututun ba, akwai abu a ciki. Kai kada ka yi, ni zan zo in yi. Ka kulle ɗakin, ka cire makullin, kada yara su shiga.

Yaya Sani: Kawu, in za ka zo ka taho da taka, mu zura mata ƙyallen ita ma.

Kawu Lawal: Zan taho da ita bayan La'asar. In ƙyallen ya fito fari, sau ɗaya a shekara nake nan. In ya fito ja, a dafa ruwan.

Nura: Na kulle ɗakin, Kawu. Makullin yana aljihuna.