Malamin gona a ƙasashen Larabawa, wa ya taɓa haɗuwa da shi?

Ɗan Takari:
Salam jama'a. Shekara huɗu na yi a wata gonar dabino a gefen Al-Ahsa a Saudiyya, kuma abin da ke ɗaure min kai har yau shi ne duk zuwan da murshid zai yi, malamin gona kenan, kafil, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, yake nema, su shige majalisa su sha gahawa ya bar masa takardu ya tafi, alhali ni da wani ɗan Bangaladash mu ke buɗe ruwa mu ke rufewa. Sau ɗaya tak ya shigo cikin gona, lokacin da susa ta kama mana itace uku, wannan jan ƙwaron mai cin cikin dabino. Ya sa yatsa a wani rami a gindin bishiya ya lakato wani ruwa ruwan ƙasa mai wari ya ce in shinshina, ya ce duk inda na ji wannan to aiki ya lalace. Wallahi minti goman nan ya fi min takardun shekara huɗu. Ku fa?

Abu Hawwa, Wad Madani:
Mu a Jazira ta Sudan labarin daban ne ɗan uwa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 mufattish, wato sufeton gona, ke da magana a wancan zamanin, shi zai ce ga ranar shuka auduga, ga ranar da za a buɗe Abu Ishirin, ƙaramar hanyar ruwa kenan, ruwa ya shiga hawasha, wato gonar da aka ba kowane manomi, kuma akwai samad, wakilinsa cikin manoma, a ƙauye da ke bin sawu. Kakana ɗan Sakkwato ne, hanyar hajji ta ajiye shi nan, ya ce a lokacinsu shawara da umarni duk ɗaya ne. Bayan dokar 2005 aka ce kowa ya shuka abin da ya ga dama, mun ji daɗi ba ƙarya, amma sai ka ga mai dawa da mai tumatir da mai gyaɗa a layin ruwa ɗaya kowa da ranar ƙishinsa, na ƙarshen layi sai haƙuri. Yanzu kuma yaƙi ya zo ya tarar da mu, Allah dai ya kawo sauƙi.

Ummu Sadik:
Amin ya Allah. Ni karatu ya kai ni Masar, na je hutu gidan ƙawata a Kafr el-Sheikh a 2018 daidai lokacin da gwamnati ta rage filin shinkafa saboda ruwan Nilu, wanda ya shuka a inda aka hana tara ce. Babanta ya ce min malamin gonar ƙungiyarsu ta manoma ne ya nuna masa shuka alkama a kan kunya mai faɗi maimakon a malale fili duka da ruwa, da farko ya yi gardama, sai da ya gani a gonar maƙwabcinsa tukun.

Baban Khalifa:
Wadi Dawasir a Saudiyya na zauna ni, gonar barsim, wato ciyawar dabbobi, mai injin nan da ke zagaye yana fesa ruwa. Da aka taƙaita noman ciyawa ƙarshen 2018 ba wanda ya mana bayani, injiniyan kamfanin da ke sayar mana da taki ne ma ya ce ruwan ƙasa ke ƙarewa, shi ya sa tun farko gwamnati ta daina sayen alkamar gida a 2016. Rijiyarmu kam kusan duk shekara sai an ƙara mata bututu.

Ɗan Takari:
Baban Khalifa ashe kai a bakin mai taki ka ji. Waɗanda suka yi gonakin Sabha a Libiya fa, ku ma ku faɗo naku.