Tambaya: Amsa uku a lissafi ɗaya, wacce ce kason cutar?

Assalamu alaikum, malamai masana ilimin yaɗuwar cututtuka. Don Allah ku warware mini wannan ƙulli.

Ana neman kason ciwon zuciya da za a ɗora wa shan taba a cikin al'umma. A ce masu sha 30 ne cikin 100, amma a cikin masu ciwon sun kai 60 cikin 100. Ɗanyen RR, wato ninkin haɗarin kamuwa da ciwon ga mai shan taba idan aka kwatanta da marar sha, ya zama 3.5, bayan an cire tasirin shekaru ya sauko 2.5.

Da dabarar Levin ta 1953, p(RR−1)/[1+p(RR−1)], inda p ke nufin kason masu sha a cikin al'umma, ɗanyen RR yana ba da kashi 43, gyararre kuma 31. Da ta Miettinen ta 1974, wadda ke ɗaukar kason masu sha daga cikin masu ciwon ta ninka shi da (RR−1)/RR, wato 0.6×1.5/2.5, sai 36 ya fito.

Hankalina ya fi kwanciya da 36, tunda Levin ba ta jure gyararren RR muddin shekaru na rikita alaƙar. Inda na cije: idan RR ɗin matasa ya bambanta da na dattawa, shin 2.5 guda ya wadatar, ko dole a lissafa kowane rukuni daban, a auna shi da yawan masu ciwonsa? Kuma wace hanya ce mafi aminci wajen fitar da tazarar tabbaci ta kashi 95, wato iyakokin ƙasa da sama da ake sa ran ainihin kason yana tsakaninsu?